Injiniyoyinmu Sun Saɓa Kan Tsayin Gada, Wa Za Mu Bi?

TAMBAYA: Ina cikin kwamitin da aka ɗora wa alhakin amincewa da zanen wata gada. Injiniyoyinmu biyu sun saɓa kan yadda kogin zai riƙa cika nan gaba. Ɗaya yana so a ƙara tsayi, ɗayan yana ganin ɓarnar kuɗi ce, mu kuwa ba masana ba ne. Wa za mu bi?

AMSA: Malam, kafin ku bi wani, ku sa su yi muku bayanin abin da suke kira ambaliyar shekara 100, domin mutane da yawa suna ɗauka sau ɗaya take zuwa a ƙarni, alhali ma'anarta ita ce kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100. Gadar da za ta yi shekara 50 tana aiki, yiwuwar ta gamu da irin wannan ruwa ta kusa kashi 40 cikin 100. Shi kansa lissafin ya dogara ne da ma'aunin shekarun baya, ga kuma sauyin yanayi, saboda haka saɓaninsu ba alamar rashin ƙwarewa ba ne.

Ƙiyasin ruwa aikin injiniyoyi ne, amma yawan haɗarin da jama'a za su iya ɗauka, wannan nauyin a wuyanku yake. Idan kuna tsoron muryar babba ta danne ta ƙarami, ku ari dabarar Delphi da cibiyar RAND ta Amurka ta ɓullo da ita a shekarun 1950: kowane masani ya rubuta ƙiyasinsa da hujjarsa ba tare da suna ba, a tattara, a mayar musu su sake dubawa.

Ni dai abin da na fi karkata a kai shi ne ku nemi zanen da za a iya gyarawa. Haka ake tafiyar da shingen kogin Thames da ke kare Landan daga ambaliya, wanda ya fara aiki a 1982: ana auna hawan teku, ana sauya shiri gwargwadon abin da aka gani. Ku kashe kuɗi a kan harsashi da ginshiƙai, tunda su ne ba sa gyaruwa cikin sauƙi, a yi su yadda za su ɗauki ƙarin tsayi daga baya. Sannan a kafa ma'auni a jikin ginshiƙi, ku rubuta a takardar zaman kwamiti layin da idan ruwa ya taɓa za a fara aikin ƙarin, da wanda zai riƙa karanta ma'aunin kowace damina.