Ku Tambaya Mu Amsa: Karatun Dokar Ƙasa da Ƙasa a Jami'a

Wasiƙun wannan makon duk daga Jos suka fito, kuma malamai masu koyar da aikin lauya ne suka amsa.

Assalamu alaikum Malam. Ina aji huɗu a tsangayar lauyoyi, an ba mu zaɓin kwasa-kwasai. Ƙawayena sun ce dokar ƙasa da ƙasa tatsuniya ce, ba ɗan sanda ba gidan yari, ga yawan faɗuwa. In ɗauka?
Wata ɗaliba, Unguwar Rogo

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki ɗauka. Gaskiya ne babu ɗan sandan da zai kamo ƙasa ya kulle ta, amma a je a tambayi mutanen Bakassi ko na Darak a Tafkin Chadi ko tatsuniya ce. Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya da ke Heg ta ce yankunan na Kamaru ne, zuwa 14 ga Agusta 2008 kuwa Najeriya ta gama miƙa Bakassi.

Faɗuwar da ake yi, yawanci tun daga darasin farko take farawa. Sashe na 38 na dokar da ta kafa Kotun Duniya ya kawo inda ake samo doka: yarjejeniya, al'adar ƙasashe, manyan ƙa'idojin shari'a da aka yi ittifaƙi a kansu, sai hukuncin kotuna da rubutun masana a matsayin mataimaka. Ɗalibi ya haddace wannan kamar karatun allo, a jarrabawa ya zuba shi, ya yi mamakin ƙarancin maki. Abin da malami ke nema shi ne yadda al'ada ke zama doka, kuma sharaɗi biyu ne: ƙasashe su riƙa yin abin a kai a kai, sannan su yi shi bisa imanin cewa wajibi ne. Duk shugaban da ya sauka Abuja ana shimfiɗa masa jar darduma, amma ranar da ba a shimfiɗa ba babu dokar da aka karya, karamci ne kawai. Kama jakada kuwa wani abu ne daban. Hukuncin 1969 kan iyakar Tekun Arewa tsakanin Jamus da Danmak da Holan ne ya fayyace sharuɗɗan, ki riƙe shi.

Shari'ar Bakassi kuma ki karanta ta da kanki, don rabin kwas ɗin yana cikinta. A 1975 Janar Gowon da Shugaba Ahidjo na Kamaru sun sa hannu a kan sanarwar Marwa game da iyakar ruwa. Najeriya ta ce ba ta hau kanta ba, tunda Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince ba. Kotu ta duba Yarjejeniyar Viyana ta 1969, wadda ta tsara yadda ƙasashe ke ƙulla yarjejeniya: sashe na 7 ya ɗauki shugaban ƙasa a matsayin mai ikon ƙulla alkawari da sunan ƙasarsa, sashe na 46 kuma bai yarda ƙasa ta fake da dokar cikin gida ba sai in saɓawar a bayyane take. Najeriya ta kuma ce mutanenta ne ke zaune a wurin, ita ke karɓar haraji. Kotu ta ce inda akwai takarda, wato yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 1913, daɗewar zama ba ya ture ta. A ganinmu yadda kotun ta rage darajar yarjejeniyar 1884 tsakanin Birtaniya da sarakunan Kalaba abin a yi gardama ne, kuma alƙalai biyu, Bola Ajibola da Abdul Koroma na Saliyo, ba su bi ra'ayin masu rinjaye ba. Hukuncin yana shafin intanet na kotun kyauta, kowane sakin layi da lambarsa. Ki fara da taƙaitawar, ki yi wa kowace shari'a shafi ɗaya: wa ya kai ƙarar wa, shekara, tambayar, hukunci, dalili.

In an ba ki tambaya mai labari, kar ki fara da wa ke da gaskiya. Ki fara da hurumi: ƙasashen biyu sun yarda kotun ta yi musu shari'a? Akwai yarjejeniya, ta fara aiki, dukansu sun tabbatar da ita? In babu, sai ki koma al'ada. Kuskuren da ke cin maki duk shekara shi ne cakuɗa kotuna biyun da ke Heg. Kotun Duniya mai alƙalai 15 ƙasashe kaɗai take yi wa shari'a. Mai hukunta ɗaiɗaikun mutane kan kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi ita ce Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya (ICC), wadda ta fara aiki a 2002.

Malam, yarona ya gama sakandare, ya nace sai ya zama lauyan ƙasa da ƙasa. Me zai cike a JAMB?
Wani mahaifi, Titin Bauchi

Alhaji, karatun lauya zai cike, babu wata ƙofa ta daban. Shekara biyar ne, sai shekara guda a makarantar horon lauyoyi mai hedikwata a Bwari. Yana buƙatar kiredit biyar, har da Turanci da adabin Turanci da lissafi. A kula da kwasa-kwasan da sunansu ke ɗauke da "hulɗar ƙasashe" ko "diflomasiyya": karatu ne mai kyau, amma ba ya kai mutum ga rigar lauya. Ƙwarewar kanta sai a digiri na biyu.

Malam, in Najeriya ta sa hannu a yarjejeniya, zan iya kafa hujja da ita a babbar kotu a nan Jos?
Sabon lauya, Rikkos

Ba nan take ba, ƙanena. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Shi ya sa za ka iya tsayawa a kan Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, domin an mai da ita doka tun 1983, kuma a shari'ar Abacha da Fawehinmi ta 2000 Kotun Ƙoli ta ce tana gaba da sauran dokokin majalisa amma tana ƙasa da kundin tsarin mulki. Yarjejeniyar kawar da wariya ga mata kuwa, Najeriya ta tabbatar da ita a 1985 amma ba a mai da ita doka ba, don haka iyakarka ka jawo hankalin alƙali da ita. Toge ɗaya: gyaran kundin na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata damar amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasar ta tabbatar.

In ƙarar take haƙƙi ce a kan gwamnati, kar ka manta da Kotun ECOWAS da ke Abuja. Tun 2005 mutum na iya kai ƙasa ƙara can kai tsaye, ba sai ya gama bin kotunan gida ba. Wahalar tana wajen aiwatar da hukunci, ka gaya wa mai ƙara wannan tun farko.

Malam, akwai aiki kuwa a fannin nan?
Ɗalibin aji biyar, Gangare

Akwai, amma guraben ba su da yawa: Ma'aikatar Harkokin Waje, Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, Hukumar Kan Iyakoki, ECOWAS, ƙungiyoyin agaji, da koyarwa. Ka shiga gasar kotun gwaji ta Jessup in tsangayarku na zuwa, ka kuma fara koyon Faransanci tun yanzu. Da Turanci da Faransanci Kotun Duniya ke aiki, kuma duk maƙwabtanmu huɗu, Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, da Faransanci za ka tarar da takardunsu.