Amsa ga mai tambaya kan lambar antibayros da aka turo masa daga Jamus

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun da safe na ga tambayarka, aiki ne ya sha kaina a shago sai yanzu na samu sarari. Ka ce yayanka da ke Jamus ya aiko maka da katin Kaspersky (antibayros, wato manhajar kare kwamfuta daga bayros) mai ɗauke da lambar kunna manhajar a na'ura uku, duk rubutun jikin kwalin da Jamusanci, alhali Kaspersky ɗin da ke kan laftof ɗinka na Turanci ne, kana tsoron ka saka lambar ta ƙi karɓa ko ta lalace gaba ɗaya.

Kwantar da hankalinka a kan maganar harshe. A manhajojin kariya na yanzu, galibi lambar ba ruwanta da harshen da kake karanta allo da shi. Na sha ɗora na Turanci a kwamfutocin da suka zo da Faransanci daga Nijar ko Kwatano, lamba ɗaya ta yi aiki lafiya lau. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasar da aka sayi lambar, da ƙasar da kake zaune lokacin da za ka kunna ta. Kamar katin waya ne: ka sayi na MTN a Wuse, ba zai shiga layin MTN na Ghana ba, ko da yake kamfanin ɗaya ne. Mutane suna ɗora wa harshe laifi ne saboda kwalin Jamusanci a Jamus ake sayar da shi, sai abubuwa biyun suka zo tare, idan lamba ta ƙi a ce ai don Jamusanci ne.

Dalilin wannan shinge kuɗi ne kawai. Farashin da ake sayar da lasisi a Indiya ba shi ne na Turai ba, kamfanonin kuma ba sa son wani ya kwaso mai araha daga can ya kai inda yake da tsada. Kaspersky na cikin masu tsanantawa a wannan fanni. Lambarsu haruffa da alƙaluma 20 ce, rukuni huɗu, kowane da biyar, kuma idan yankin bai dace ba saƙon da zai fito zai gaya maka ƙarara cewa lambar ba ta aiki a wannan yankin. ESET, na ƙasar Silobakiya, su ma suna da irin wannan, tasu lambar rukuni biyar ce kowane da huɗu, idan ka ga saƙon kuskure mai lamba ACT.33 ya bayyana to maganar ƙasa ce. Bitdefender na Romaniya kuwa lambar a akawun ɗinka na Bitdefender Central ake saka ta, daga nan ka sauke manhajar ka zaɓi harshen da ka ga dama.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, juya bayan kwalin. Galibi akwai ƙaramin rubutu da ke faɗin ƙasashen da za a iya kunna lambar a cikinsu. Ɗauki hotonsa da waya ka sa Google ya fassara maka, ko ka tura wa yayan naka ya karanta. Kayan da ake sayarwa a shagunan Jamus yawanci na Turai ne, ni dai ban cika ganin sun kunnu daga Abuja kai tsaye ba. Idan haka ne, hanya mafi tsafta ita ce yayanka ya rubuta wa sashen taimako na kamfanin, ya haɗa da rasit, ya ce kyauta ya yi wa ƙaninsa a Najeriya. Idan ba su amince ba, ya riƙe lambar ya yi amfani da ita a can, ya turo maka kuɗin ka sayi ta yankinmu a kasuwar Banex ta Abuja ko wajen duk wani dilan da ka yarda da shi.

Na san wani zai shigo ya ce a kunna VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, a nuna kamar ana Jamus. Eh, wani lokaci tana kamawa, ba zan ɓoye maka ba. Amma ya saɓa wa sharaɗin lasisin, kuma ranar da ka sake wa kwamfutar Windows ko ka canja hard disk (ma'ajiyar bayanan kwamfutar), sai ka sake wannan rawar daga farko. In ta ƙi a lokacin, ba ka da bakin kai ƙara. Ni ba na yi wa kwastoma, don gobe ni zai zo ya tsare a shago.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka yi wa yayanka: ya riga ya saka lambar a tasa kwamfutar? Lasisin na'ura uku ba shekara uku ba ne, kuma ba kowace na'ura ke da nata lissafin ba. Kwanakin suna fara tafiya ne daga ranar da aka fara kunna ta a na'urar farko. Idan lasisin na shekara ɗaya ne kuma ya saka tun watanni huɗu da suka wuce, saura wata takwas za ka samu. Duba sunan kayan ma. Daga 2022 Kaspersky suka fara sauya sunaye zuwa Standard, Plus da Premium a madadin Anti-Virus, Internet Security da Total Security, don haka kada ka rikice idan sunan kwalin bai yi daidai da na shafinsu ba. Lambar da aka yi wa kamfanoni da ofisoshi kuwa ba ta buɗe manhajar gida, wannan ko a wace ƙasa kake.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi kawo mini mutane da ƙorafin "lambar bogi ce": kibod. Laftof ɗin hannu da ke shigo mana da yawansu na Jamus ne ko na Faransa. A kibod ɗin Jamus Y da Z sun yi musayar wuri. A na Faransa A da Q sun sauya, W da Z ma haka, sannan layin alƙaluma na sama ba ya ba ka 1, 2, 3 sai ka danne Shift, in ba haka ba wasu alamomi ne za su fito. Mutum yana kallon kati yana bugawa, bai ɗaga kai ya ga abin da ke shiga ba. Wani dattijo ya taɓa zuwa mini ransa a ɓace, har ya kira wanda ya sayar masa ya zazzage shi, muna buɗe Notepad, manhajar rubutu ta Windows, ya buga lambar a gabana sai ga Z a duk inda Y take. Ka fara rubuta ta a Notepad, ka gwada da katin harafi bayan harafi, sannan ka kwafa ka liƙa. Kula da O da sifili, da B da 8.

Duba agogon kwamfutar ma. Tsofaffin laftof ƙaramin batirin da ke riƙe kwanan wata yakan mutu, ka ga tana nuna wata shekara can baya, kuma da kwanan wata ba daidai ba manhajar ba za ta iya magana da sabar kamfanin (babbar kwamfutarsu da ke tantance lambar) ba balle ta kunnu. Sannan cire duk wani antibayros na gwaji da ya zo da na'urar kafin ka ɗora sabo, biyu ba sa zama lafiya a kwamfuta ɗaya.

Idan ma ka riga ka ɗora na Jamusancin daga mahaɗin da ke cikin kwalin, a nau'o'in Kaspersky da na yi aiki da su, buɗe manhajar ka danna Shift da F12 tare, sai ta koma Turanci. Amma gara ka sauke na Turancin daga shafin kamfanin tun farko.

Ga 'yan'uwa da ake turo wa kaya daga Amurka: gwamnatin ƙasar ta haramta sayar da Kaspersky a 2024, sabuntawa ma ta tsaya a can a ƙarshen Satumba na shekarar, don haka tsohon katin da aka tsinto a durowa aka aiko muku kada ku dogara da shi. Su kuma masu tallan lamba a intanet a farashin da bai kai kuɗin data na wata ba, yawanci ko ta wani yankin ce, ko an sayar wa mutum goma ita. 

Kafin a warware maganar, kada ka ji kamar kwamfutarka a buɗe take. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender, yana aiki da kansa matuƙar babu wani antibayros a kai, ka dai bar shi yana sabuntawa. Sai dai Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, in shi ke kan laftof ɗin mu yi maganarsa daban.

Turo hoton bayan kwalin nan cikin guruf mu duba tare, amma ka rufe lambar da yatsa ko takarda. Mu da yawa ne a nan, ba kowa ka sani ba.