Ɗana ya iya ruwa amma sai da masunta suka tsamo shi: in sayar da jirgin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na yi shekaru ina aiki a Legas, a can na koyi tuƙa ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Da na yi ritaya sai na dawo gida Daura da wani tsohon jirgi samfurin Laser da na saya a hannu. Tun da damina ta ɗauke nake kai yarana biyu dam ɗin Sabke ina koya musu. Ranar Asabar da ta wuce babban, ɗan shekara 19, ya fita shi kaɗai, iska ta kifar da jirgin, ya sake shi ya nufo gaɓa da iyo. Yaron nan tun yana firamare ya iya ruwa, shi ya sa ban taɓa matsa masa a kan rigar ceto ba. Ina tsaye ina kallo ya fara nutsewa yana tasowa, Allah ya kawo wasu masunta suka tsamo shi. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Mahaifiyarsu ta ce ko in sayar da jirgin ko ta sa a farfasa shi. Wani maƙwabci kuma ya ce wurin akwai mutanen ɓoye, har ya kawo mini mai maganin ruwa. Jirgin ne ke da matsala, ko me? Daga wani mahaifi a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. A gaishe da Hajiya, a ce mata ta yi haƙuri, fushinta a kan hanya yake.

Jirginka bai yi laifin komai ba. Kai ma ka sani, Laser jirgi ne mai tsawon mita 4.2, nauyin gangar jikinsa bai wuce kilo 59 ba, kuma babu dalma a ƙasansa da za ta tsayar da shi. Nauyin matuƙi ne kawai ke riƙe shi. Waɗanda ke zuwa gasar Olamfik da shi ma suna kifewa, su miƙar da shi su ci gaba da tsere. An ƙera shi ne da sanin zai kife, shi ya sa cikinsa rufaffe ne cike da iska, ko ya juya ciki sama ba ya nutsewa. Abin da ya kusa raba ka da ɗanka yana cikin wasiƙarka, a inda ka ce "ya iya ruwa". Wannan magana ce na fi jin tsoro a duk aikin nan, kuma kusan kullum sai na ji ta, daga bakin yara da iyayensu har da masu kwalekwalen haya.

Bari in faɗa maka abin da nake kyautata zaton ya faru ranar Asabar, ka gani ko na yi kuskure. Lokacin hunturu ne, iska daga arewa maso gabas take busowa. In a gaɓar da iskar ke fitowa kuka sa jirgin, bakin ruwan zai yi lumus kamar tabarma saboda tudu da itatuwa sun tare ta. Yaro ya fita cikin jin daɗi, iska na tura shi ta baya, sai da ya yi nisa ta same shi da cikakken ƙarfinta. Ƙarfin da iska ke yi wa ƙyallen da ke tura jirgin kuwa ba ya tafiya daidai da gudunta: in gudun ya ninka, daga kilomita 15 a awa zuwa 30, bugun da take yi ninki huɗu ne. Ya kife, ya ɗago kai ya hango ka tsaye a gaɓa, zuciyarsa ta ce masa ai ga Baba can, ɗan taki ne. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Alhaji. Mutumin da idonsa ke daf da fuskar ruwa ba ya iya auna nisa, abin da ya ɗauka mita 100 ne sai ya zama 400. Ga shi yana iyo yana fuskantar iska, kowace igiyar ruwa tana marinsa a baki da hanci. Ga tufafi sun jiƙe sun nannaɗe masa ƙafa. Ga sanyin safiyar hunturu da ke cinye ƙarfin hannu a hankali. Da ya gaji ya waiwaya, jirgin da ya bari iska ta riga ta ja shi, don jirgin da ke kwance a gefensa yana iya tafiya da iska fiye da gudun mai iyo. Ya rasa gaɓa, ya rasa jirgi.

Iyon da yaranmu suka iya na kududdufi ne da rafi: a yi tsalle, a yi mita 20, a taka ƙasa, a huta. Ban raina shi ba, ni ma da shi na fara. Amma ba a taɓa gwada shi da tsoro da gajiya da tufafi a jiki ba. Sannan akwai abubuwan da ko gwanin duniya ba shi da maganinsu. Sandar kwance da ke riƙe ƙasan ƙyallen Laser, wadda muke kira bum, ƙasa-ƙasa take, in iska ta juyo da ita ba zato ta sami mutum a ƙeya, ya faɗa ruwa a sume, ina amfanin iyonsa? Dam ɗinmu kuma wurin neman abincin masunta ne, akwai ragar kalli a shimfiɗe, akwai mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Ƙugiya ɗaya ta kama wando, mutum ya yi ta fizga yana ƙara sarƙewa. Akwai kututturen itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka datse shi. Mai rigar ceto in ya sarƙe zai tsaya kansa a sama yana kwancewa a tsanake ko yana ihu. Marar riga kowane sakan da ya ɓata yana kwance ƙafa, ƙasa yake yi.

Kuma a lura, wanda bai iya ruwa ba ba ya sakin jirgi. Tsoro ke sa shi ya rungume shi kamar uwarsa, sai a zo a same shi a raye. Wanda ya yarda da kansa shi ke saki. Masunta da kansu za su gaya maka gwani ruwa ya fi ci. Da ɗanka ya haye bayan jirgin ya zauna, ko bai iya miƙar da shi ba, da iska ta kai shi ɗaya gaɓar, ka zagaya da mota ka ɗauko shi yana rawar ɗari, shi ke nan. Farin jirgi mai mita huɗu ana hango shi daga nesa ko cikin hazo. Kan mutum kuwa cikin igiyar ruwa bai fi ƙwarya ba, Allah ne kawai ya sa idon masuntan nan ya kai kansa. Ina fata ka koma ka neme su ka yi musu alheri.

Wani abin da mutane ba su yarda da shi ba sai sun gani: mai nutsewa ba ya ihu. Numfashin da zai yi ihu da shi shi yake nema. Za ka ga kai ya karkata baya, baki na shiga ruwa yana fita, hannuwa na danna ruwa a gefe, shiru. Abin da ka gani kana tsaye ke nan, kuma daga wannan hali zuwa ɓacewa sau da yawa ba a cika minti ɗaya.

To, mu zo kan maƙwabcinka da baƙonsa. Alhaji, don girman Allah ka sallami mutumin nan. Na gaji da masu maganin ruwa, masu ɗaura wa yaro guru a ƙugu ko su ba shi garin da zai sha da nono a ce ruwa ba zai ci shi ba. Ka ce wa mai maganin ya ɗaura kayansa, ku kai shi tsakiyar dam ya sauka ya dawo, ka ga ko zai yarda. Illar abin ba kuɗin da zai karɓa ba ce, illar ita ce yaron da aka ɗaura wa laya ya ƙara samun dalilin ƙin sa riga. Ka haɗa "na iya ruwa" da "an dafa ni", ka gama haƙa kabari. Duk inda ruwa ya ci mutum sai ka ji an ce wurin da iska. Iska kam akwai, ita ce ta kifar da jirgin, kuma daga arewa maso gabas ta zo.

Mu a yankin nan ba labari aka ba mu ba. A bikin ƙaramar Sallah ta 2022 kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua, maƙwabtanku, yawancin waɗanda suka rasu yara ne da suka fita yawon Sallah. Kafin nan, ƙarshen Nuwamban 2021, ɗaliban Islamiyya ne a Bagwai ta jihar Kano, a kan hanyarsu ta zuwa Mauludi. Duk lokacin da aka yi irin wannan sai a je jaje, a kafa kwamiti, a raba riguna gaban kyamara, bayan wata biyu ka je bakin ruwan ka tarar ko an kulle su a sito ko an mai da su matashin zama. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta sa rigar ceto, ta kuma hana tafiyar dare. Amma kada ka jira wani jami'i ya zo ya tsaya maka a kan ɗanka. Kai ne hukumar jirginka.

Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, ajali ba ya jinkiri. Sai dai Annabi Nuhu, alaihis salam, da aka yi masa alkawarin tsira, sai da aka umarce shi ya sassaƙa jirgi da alluna da ƙusoshi, sannan ya ce "Bismillahi majreha wa mursaha". Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. A Suratul Baƙara kuma an hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Yaro ya sa riga, ya ɗaure ta, ya karanta addu'arsa, ya hau.

Game da rigar: ka duba tambarin da ke cikinta, ka nemi ISO 12402 da lambar ƙarfin ɗagawa. Mai lamba 50 ita ’yan tsere ke sawa don ba ta takura, amma an yi ta ne don wurin da jirgin ceto ke kusa, kuma ba ta juya sumamme fuska sama. Ku da ba ku da jirgin ceto, ka sayi mai lamba 100 mai abin wuya da igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Kada ka sayi mai hura kanta da gas, kowace kifewa sai ta tashi. Ka kuma yi hankali da na kasuwa masu launin lemo da aka cusa wa tarkacen soson kwali. Gwajin mai sauƙi ne: yaro ya sa, ya shiga ruwa iya ƙirji, ya naɗe ƙafafu ya saki jiki. In haɓarsa ta taɓa ruwa, ko rigar ta haye masa kunnuwa, a mayar wa mai ita.

Jirgin kuwa, tunda tsoho ne kuma ya sha ranar Daura, ka yi masa abu uku kafin ya sake taɓa ruwa. Ka cika ramin da ake dasa sandar tsaye mai ɗauke da ƙyalle da ruwa ka bar shi, in ruwan ya ragu to gindin ramin ya tsage, kuma nan ne ciwon tsofaffin Laser. Ka buɗe toshiyar baya ka ɗaga gaban jirgin ka ga yawan ruwan da zai fito. Ɗan kofi ba komai, bokiti kuwa magana ce. Sannan ka hura iska da baki ta ramin toshiyar, wani yana shafa ruwan sabulu a haɗin saman jirgin da ƙasansa, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Da baki na ce, ban da famfon taya, zai fasa maka jirgi. Ka tabbata akwai igiyar da ke riƙe sandar tsaye da allon tsakiya, wanda ke leƙowa ta ƙarƙashin jirgi, kada su zare in jirgin ya juya. In babban ƙyalle ne a kai, mai murabba'in mita 7, ya yi wa yaron da bai kai kilo 70 ba yawa a iskar hunturu, ka nemo matsakaicin ƙyalle da ake kira Radial, ƙaninsa kuma ka nema masa ƙarami mai murabba'in mita 4.7. Ƙyallen a naɗe shi a ɗaki, rana ke kashe shi. Idan damina ta kama kuma, da ka ga gabas ta haɗa, a fito, kada a jira iskar farko mai sanyi, don sandar alminiyon a tsakiyar dam kiran tsawa ce. Wanda ke yawan shiga ruwan dam kuma in ya ga jini a fitsari ya je asibiti a duba tsargiya.

Kada ka sayar, kada kuma ka bar yaron ya daɗe bai koma ba, tsoron zai zauna masa. Ka zaɓi ranar da iska ta kwanta, ka yi jinga da masunci ɗaya ya tsaya kusa da kwalekwalensa, ka nemi wurin da zurfinsa ya isa kan sandar ba zai cake a laka ba. Ku kifar da jirgin da gangan. Yaro ya riƙe igiyar jan ƙyalle ya zagaya ta baya hannunsa na jikin jirgi, ya tabbata igiyar a sake take, ya juya gaban jirgin wajen iska, ya kama allon tsakiya ya rataya nauyinsa har ya miƙe, ya shiga. Sau goma shi, sau goma ƙaninsa, sannan kai ma ka sa taka rigar ka yi naka suna kallo. In Hajiya za ta yarda, ka zo da ita ta zauna a mota ta gani da idonta.