Injin gas na karkarwa: amsoshin wasiƙun wannan mako

Tun da sanyi ya shigo wasiƙun masu motocin gas, wato man dizal, suka ƙaru, kuma kusan duk kukansu ɗaya ne: inji na karkarwa a sulo (yana kunne ba a taka totur ba), yana abin da makanikai ke kira misin, wato silinda ɗaya ta daina ƙona mai daidai da 'yan'uwanta. Huɗu na zaɓa.

"Malam, Golf ɗina mai shan gas tana misin. Wane fulogi ya fi, sabo na kwali ko ɗan Kwatano?" Wani matashi daga Zariya.

Samari, wa ya aike ka? Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi irin na motar fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Abin da yake da shi hita fulogi ne, aikinsa ɗumama silinda kafin a tayar da mota. Idan injin ya yi zafi yana kuma ci gaba da misin, babu ruwan hita fulogi. In bakanike ne ya tura ka wannan sayayyar, shi za ka fara canzawa.

"Maigidana ya rasu ya bar mana Hiace, da ita muke ci. Direba ya ce da safe tana farin hayaƙi tana girgiza, wani ya ce injin ya mutu. Ba na iya barci." Wata baiwar Allah daga Gusau.

Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, ba a yi wa inji jana'iza saboda hayaƙin safiya. Ki sa direban ya lura da abu biyu. Idan hayaƙin na warin gas kuma yana ɗaukewa bayan 'yan mintoci, girgizar ma ta tsaya, galibi hita fulogi ɗaya ko biyu ne suka ƙone, kuma kuɗinsu ba zai hana ki cefane ba. Amma idan hayaƙin bai ɗauke ba duk yini, ruwan lagireto na raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, to ana zargin gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a ajiye motar a ranar. Kada ki yarda a sauke inji sai an auna ƙarfin matsin kowace silinda da ma'auni a gaban wani naki, ɗan'uwa ko ƙanin marigayin. Awon ba ya cin rabin yini.

"Na sha gas na jarka a hanyar dawowa daga Lokoja, tun daga nan Hilux ɗina take misin, ba ta jan tudu. Bakanike ya ce a canza nozul huɗu gaba ɗaya. In saya?" Wani ɗan kasuwa daga Kano.

Alhaji, ka amsa tambayarka a layin farko. Ka yi haƙuri, yau sai na ɗan yi faɗa, domin wannan magana ta ishe ni.

Mutum ya tara miliyoyi ya sayi mota, sai ya tsaya gefen titi don rangwamen da bai kai kuɗin tsire ba a kan lita. Arha ba ta ado. Gas ɗin bumburutu ba ka san ina ya kwana ba: wani an sirka shi da kananzir, wani a cikin duro mai tsatsa ya yi wata, wani kuma daga matatun daji na yankin Neja Delta ya fito, inda ake dafa ɗanyen mai ba awo ba tacewa. Tsohuwar Peugeot 504 mai gas ko tsohuwar tifa za su iya haɗiye shi su yi tari su wuce. Injin D-4D irin naka, wato injin gas na zamani na Toyota, ba haka yake ba. Famfonsa na tura mai da ƙarfin da ya haura ninki 500 na iskar tayarka, ta cikin ƙofofin nozul da ba su fi silin gashi biyu kauri ba. Kuma shi kansa gas ɗin ne ke yi wa famfo da nozul santsi. Kananzir ba shi da wannan maiƙon, ruwa kuwa tsatsa yake kawowa. Da zarar famfo ya fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina, an gama.

Sai kuma abokin tafiyarsa, jabun filta. Kwali mai sheƙi, suna iri ɗaya da na kamfani, ka yanka ciki ka tarar da takarda kamar ta ƙunshin ƙosai. Na sha ganin masu mota suna ciniki kamar za su yi dambe a kan filta, sannan su biya kuɗin nozul ba ko gardama. Duk filtar da aka ba ka a rabin farashin da ka sani, mayar musu da abinsu.

Yanzu ga motarka. Kada ka sayi komai tukuna. A tsiyaye man ƙasan filta a kwalba mai haske a ajiye, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa. A zubar da abin da ke tanki, a wanke shi, a sa filta ta gaske, a danna ɗan famfon hannu da ke kanta har iska ta fita. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa. In ba ta ƙare ba, a sa kwamfuta, sannan a gwada yawan man da kowane nozul ke mayarwa baya, da 'yan kwalabe huɗu. Wanda kwalbarsa ta riga sauran cika nesa ba kusa ba, shi ne mai laifi. Ba dole ba ne a ce duk huɗun sun mutu rana ɗaya, sai fa in an ga garin ƙarfe a cikin filta.

In ta kama a saya, nozul ɗan Kwatano caca ne idan ba a ɗora shi a injin gwaji kana tsaye ba. A sa sabuwar washa ta jan ƙarfe a ƙarƙashinsa, tsohuwa ba ta komawa, in ta yi yoyo baƙin mai ne zai daskare ya toshe hanyarsa. Yawancin injinan zamani kuma sai an shigar wa kwamfutar mota lambar da ke jikin sabon nozul. Wani gargaɗin: kada ka bar yaron gareji ya sassauta bututun nozul inji na aiki, kamar yadda ake yi wa tsofaffin motoci don gano silindar da ta mutu. A irin wannan injin, feshin man na iya huda fatar hannu. Kafin ka kai ta gareji ma ka zaro sandar awon baƙin mai. Idan ya haura alama yana warin gas, wani nozul na zuba, kada ka ƙara tuƙa ta, fistin zai iya narkewa.

"An ce in zuba fetur lita biyu a tanki, yana wanke nozul." Ba suna, ba gari.

Gara da ka ɓoye sunanka. Kada ka zuba. Fetur ya fi kananzir bushewa, famfonka zai fara ci. Kuɗin ka ƙara a kai ka sayi filta.