Shayi, Zoɓo da Kurkum: Suna Kare Ƙwaƙwalwa Daga Gigin Tsufa?

Tambaya: Likita, na ji an ce koren shayi yana hana mantuwar tsufa. Gaskiya ne? (Wani malamin makaranta, Gusau)

Amsa: Malam, da ƙamshin gaskiya, amma an yi wa zancen gishiri. Ganyen shayi na ɗauke da sinadaran da ake kira folifenol, waɗanda tsiro ke yi don kare kansa daga zafin rana da ƙwari. Akwai su a zoɓo, da jar dawa, da albasa, da inabi, da man zaitun. A ɗakin gwaji an ga suna rage kumburi a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wasu kuma suna hana furotin amiloyid dunƙulewa, wato dunƙulen da ake samu a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzema, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Sai dai galibin wannan a kan ɓeraye aka gani. Ɗan kaɗan ne daga sinadaran ke shiga jinin mutum, hanta ta sarrafa shi da wuri, ga kuma shingen da ke tace abin da zai shiga ƙwaƙwalwa daga jini. A Jami'ar Rush da ke Shikago, binciken 2015 ya nuna tsofaffi masu yawan cin ganye, wake da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da cutar Alzema ba. Da aka gwada tsarin abincin na shekara 3, sakamakon 2023 bai nuna wani bambancin a zo a gani ba. Sha shayinka, amma rage sukari. Kofin da aka zuba wa cokali huɗu ya riga ya cinye ribar.

Tambaya: Mahaifiyata ta fara manta sunayen jikokinta, har ta taɓa ɓacewa a unguwa. An ba ni shawarar ƙwayoyin kurkum. In saya? (Wata uwargida, Maraɗi)

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Hajiya, riƙe kuɗinki. Babu gwajin da ya tabbatar kurkum na dawo da tunanin da ya tafi, kuma an samu masu shan ƙwayoyinsa da hantarsu ta taɓu, musamman waɗanda aka haɗa da sinadarin masoro don jiki ya ƙara tsotsa. Na cikin miya ba laifi. Ki kai ta asibiti tukuna, domin ƙarancin bitamin B12, da matsalar maƙoƙo, da baƙin ciki mai tsanani duk suna kawo mantuwa, kuma suna jin magani. A auna mata jini da sukari, a duba jinta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake cewa "tsufa ne kawai", ko a ɗora wa jifa, a bar tsohuwa a ɗaki. Kafin nan, ki sa mata takarda mai lambar wayarki a jikin mayafi.

Tambaya: Ina shan maganin hawan jini. Zan iya shan zoɓo kullum? (Daga Kumasi)

Amsa: Za ka iya, kofi ɗaya ko biyu, ba sukari da yawa. Jan launin nan shi ma folifenol ne, kuma yana ɗan saukar da jini, don haka ka sanar da likitanka, musamman in kana jin jiri. Kada ya maye gurbin maganinka: hawan jinin da aka bari ba kulawa yana toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma wannan hanyar mantuwa ce da aka tabbatar.