Fad sabo ne, me ya sa birki ke kuka?

Jiya muna tattara kayan aiki ka ce mini: "Oga, Corollar nan da na sa wa sabon fad ranar Talata ta dawo. Mai ita ya ce da ya taka birki sai ta yi ƙiii, har mutane na waiwaye. Fad ɗin ne jabu, ko ni na yi kuskure?" Magariba ta kawo jiki, ban samu na ba ka amsa ba. To ga ta.

Ka taɓa lura da mai goge? Yana shafa wa izga ƙaro, in ya ja ta a kan tsirkiya sai ta kama ta saki, ta kama ta saki, da saurin da ido ba ya gani. Wannan rawar ita ce sautin. Haka fad, abin da ke matsewa in an taka birki, yake yi a jikin faranti, wato ƙarfen nan mai zagaye da ke juyawa tare da taya. In ya samu wurin motsi, ko ya zauna a karkace, sai ya yi ta karkarwa, faranti ya ɗauki karkarwar ya mayar da ita kuka. Aikinka shi ne ka hana shi wannan rawar.

Na ga yadda ka yi ranar nan: ka zare tsoho, ka tura fistin da ke matse fad baya, ka cusa sabo, ka ɗaure. Ba ka taɓa mazaunin ba, kuma nan matsalar take. Inda kunnuwan fad ke zama a jikin kalifa, wato gidan da ke riƙe da fad, ƙurar hunturu da tsatsa sun taru sun daskare. Ciro kilif ɗin, wato ƙananan ƙarafan da kunnuwan ke zama a kai, ka sa burushin ƙarfe ka goge wurin har sai ka ga ƙarfe yana haske. In akwai sababbin kilif a kwalin, su za ka sa. Tsofaffin zafi ya riga ya kashe musu ƙarfi. Fad ya kamata ya shiga da yatsa, ya zame ba tare da ya yi lako-lako ba. Duk wanda sai da guduma ya shiga, zai dawo maka.

Sai sandunan nan biyu da kalifa ke zamewa a kansu. Zaro su, ka goge, ka duba robar bakinsu ko ta yage. In ɗaya ta maƙale, fad ɗaya zai riƙa cin faranti fiye da ɗan'uwansa. A nan giris na silikon ake sawa. Baƙin giris da muke sa wa boris yana kumbura roba, bayan wani lokaci sandar ta cije.

Siririn ƙarfen da ke bayan fad ma kada ka jefar, shi ke shanye karkarwar. Ka shafa giris mai jure zafi a bayansa da kan kunnuwa, ɗan kaɗan, kamar yadda ake shafa kwalli. Fuskar fad da faranti kuwa, ko hannu mai maiƙo kada ya taɓa su. Wannan maganar rai ce, ba ta ƙara ba.

Yanzu faranti. Bi bakinsa da farce. In ka ji tudu a gefe, tsohon fad ya ci tsakiya ya bar baki, sabon kuma zai hau kan tudun ya yi ta kuka. In fuskar ta yi sheƙi kamar madubi, bi ta da samfefa ka wanke. Akwai lamba a jikinsa, MIN TH, kaurin da bai kamata ya gaza ba ke nan. Auna. In ya kai nan, faɗa wa mai mota gaskiya: faranti zai saya, ko da ransa bai so ba.

Jabu akwai shi, ban musa ba. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ka samu mai arha da mai tsada a kwali iri ɗaya, kuma mai tauri da yawa yakan yi ƙara komai kyan aikinka. Amma kada ka ɗora wa mai shago laifi kafin ka duba hannunka. Kuma ka daina hure ƙurar birki da baki, tana illa ga huhu. Jiƙa tsumma ka share.

Gobe in mai motar ya kawo ta, kai za ka sake aikin ina tsaye. Ka ɗaure notin taya a gicciye, ba bi da bi ba. Kafin ka motsa motar, taka birki sau da yawa har ya yi tauri, don fistin yana can baya. Sannan mu fita hanyar da babu cunkoso: ka kai gudu 60, ka taka a hankali zuwa 10, ka saki ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas. Daga nan mu ɗan zaga ya huce, fad ya kwanta a faranti.

Ka kuma tambaye shi yaushe take kukan. In da sassafe ne kawai bayan ruwan sama, taki biyu uku ta yi shiru, tsatsar dare ce, ba ta buƙatar sifana.