Amsar Baffa a kan sallamar 'yan wasa a Kano Pillars, Sai Masu Gida

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso ni tun shekaranjiya, ban amsa ba ne saboda tambayar ba ta amsuwa a tsaye, kuma ka san yatsun tsoho da waya sai a hankali. Ka ce kun yi musu da abokanka a majalisa: wai me ya sa duk ƙarshen kaka sai a ji ƙungiya ta sallami 'yan wasa rututu ta kira sababbi gwaji, shin al'ada ce da muka gada ko kuwa? Sannan ka ce kai a ganinka in ana son Kano Pillars ta dawo da ƙarfinta, a share kowa har da kyaftin Rabi'u Ali, a zuba yara zalla. To zauna ka ji.

Ni ƙwallo a Kano na fara kallonta tun Pillars ba ta zo duniya ba. Raccah Rovers muka sani, ita ta ɗauko mana kofin ƙasa a 1978. Pillars sai a 1990 aka kafa ta, aka haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North suka zama abu ɗaya. Saboda haka in ana maganar abin da aka gada, ina da ɗan abin faɗa. Wannan shara ta ƙarshen kaka ba gadon kowa ba ce. Sabo ne kawai, kuma ka san abin da aka ce da sabo. Tushenta a fili yake. Galibin ƙungiyoyin gasarmu na gwamnatocin jihohi ne, Pillars ma haka. Kuɗi daga baitulmali yake fitowa, shugabanni naɗa su ake yi, in an sauya su sai sabon shugaba ya zo da kocinsa, koci ya zo da yaransa da ya saba da su a inda ya baro. Kwantiragi kuma a ƙasar nan gajere aka fi yi, shekara ɗaya ko biyu, ɗan wasa na ganin an busa tashi a wasan ƙarshe ya fara ɗaure jaka. Ka ga ba wata hikimar magabata a ciki. Yadda ake tafiyar da kuɗi da mulki ne ya haifar da ita, har mutane suka ɗauka haka Allah ya halicci ƙwallo.

Al'adarmu ta gaskiya a kan gyara, je ka cikin birni ka duba tsohon soro. Kakanka, Allah ya jiƙansa, duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ya kira magini. Magini ba ya zuwa da diga. Hawa sama yake ya duba azara, ya ƙwanƙwasa ya ji wadda ta yi rauni, ya duba indararo, ya bi inda bango ya tsage. Azarar da ta lalace a zare ta a sa wata, sauran a bar su, a yi yaɓe a shafe da makuba. Gidan da ake yi wa haka yana ganin jikoki. Wanda ya ce zai rushe ya sake gini duk shekara, a fili zai kwana da damina.

Kada ka ce Baffa ya fara karin magana ya bar ƙwallo, bari in ba ka hujja daga filin Sani Abacha da kansa. Kofi huɗu Pillars take da shi na gasar ƙasa: 2008, sai 2012 da 2013 da 2014 a jere. Na farkon koci Kadiri Ikhana ne ya ɗauko. Biyu na tsakiya Baba Ganaru. Na 2014 Okey Emordi. Ka lura, tsakanin kofi na uku da na huɗu koci ya sauya, kofi bai bar Kano ba. Me ya riƙe shi? Azara ce ba a taɓa ba. Theophilus Afelokhai yana raga shekara da shekaru, Umar Zango a baya, Rabi'u Ali a tsakiya, Gambo Muhammad a gaba. Waɗannan mutane sun kai matsayin da ɗaya zai buga ƙwallo bai ɗaga kai ba, don ya san inda ɗan'uwansa yake tsaye. Wannan ba a saye a kasuwar 'yan wasa, ko nawa ka ɗauko. Zama tare ne yake kawo shi, a mota ɗaya daga Kano zuwa Fatakwal, a kwano ɗaya a sansani. A cikin wannan zamanin ne aka yi shekara goma sha biyu, daga 2003 zuwa 2015, ba wanda ya zo Kano ya ci mu a gasa, sai da Nasarawa United ta zo ta karya. Kai lokacin kana firamare, amma ni na ga manya suna fita daga fili ba mai ce wa wani uffan.

Kuma a 2009, da muka fitar da Al Ahly ta Masar tana riƙe da kofin zakarun Afirka, aka yi 2 da 2 a Alƙahira, har muka kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tare mu, ai ƙungiyar da ta ci kofin 2008 ce aka ɗora a kanta. Ba wasu aka tattaro daga tasha ba.

Yanzu maganar kyaftin. Na san abin da kuke faɗa a majalisa, cewa mutum ya haura arba'in, ƙafa ta yi nauyi, yana tare wa yara hanya. Ba zan ce maka da tsohuwar zuma ake magani in yi shiru ba, don zuma ma in aka bar ta a buɗe ƙuda ne ke cin riba. Shekaru gaskiya ne, ba wanda ya taɓa yanke su ya wuce. Amma ka san wanda kake magana a kai. Rabi'u Ali yana cikin waɗanda Stephen Keshi ya tafi da su gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2014 a Afirka ta Kudu, aka zo na uku. Ya sake zuwa a 2018 a Maroko, aka zo na biyu. Kofin Aiteo na 2019 da aka ci Niger Tornadoes da fenareti a Kaduna yana ciki. Abin da ya fi duk wannan a wurina, da ƙungiya ta faɗi a 2022 ta koma gasar 'yan dagaji, bai tsere ba. Ya bi ta filayen da ko ciyawar kirki babu, har aka dawo a 2023. Irin wannan mutum ba a liƙa sunansa a takarda a ce an sallame shi tare da yaron da ya zo bara.

Ka duba Kantin Kwari, tunda kana zuwa shagon yayanka. Yaron da ya yi wa maigida shekaru yana ɗaukar dila, ranar rabuwa ba a ce masa jeka Allah ya ba da sa'a. Yaye shi ake, a ba shi jari, a nuna shi ga masu ba da kaya a ce wannan namu ne. Wanda kuma ya tsufa a shago ba a sa shi hawa bene da kaya, kujera ake ba shi a bakin ƙofa, yara suna ciniki yana gyara musu lissafi. To haka ya kamata a yi da babban ɗan wasa. A rage masa minti, ya shigo in wasa ya cije ana neman mai bugun tazara ko mai kwantar da hankali, a ɗaura masa yaro ɗaya ko biyu su riƙa atisaye a gefensa kaka guda cur. Ranar da shi da kansa ya ga ya isa, a cika fili a yi masa wasan ban kwana, a kai shi kwas ɗin horarwa. Inda na yarda da kai shi ne, laifi ne babba a wayi gari ƙungiya ba ta da mai cin ƙwallo ko mai rarraba ta sai dattijo. In haka ta faru, ba laifin dattijon ba ne, laifin waɗanda ba su tanadi magaji ba ne.

Wannan shi ne buƙata ta farko in ni aka tambaya: ɗan tsakiya matashi mai ido, wanda za a haƙura da kurakuransa. Ku 'yan kallo ku ne ba ku da haƙuri. Yaro ya ɓarar da ƙwallo biyu sai ku cika fili da ihu a cire shi, gobe kuma ku ce ba a ba yara dama.

Sai baya. Ƙungiya ashirin ce a gasar, wasa 38, rabinsu a waje, huɗu na ƙasa su faɗi. Kowa a Najeriya zaki ne a gidansa, saboda haka kofi a waje ake cinsa, da canjaras nan, nasara ɗaya can. Wanda zai samo maki a Aba ko Enugu ko Ibadan, bayan ya kwana biyu a mota, sai mai gola tsayayye da 'yan baya biyu na tsakiya da suka san numfashin juna. Waɗannan ukun, in an same su, kwantiragin shekara uku ya kamata a ba su, a biya su a kan lokaci, a toshe kunne daga dillalai. Na fi son a kashe kuɗi a nan da a ɗauko 'yan gaba biyar masu suna. Ka tuna Chinedu Udoji da ya zo daga Enyimba, yadda baya ta natsu da zuwansa, kafin hatsarin mota ya ɗauke shi a nan Kano a 2018. Mutum ɗaya ne, amma da aka rasa shi kowa ya ji a jikinsa.

Ɗan gaba kuwa, ka sa a ranka ba ya zama. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2010, shekarar ba ta ƙare ba yana VVV-Venlo a Holan. Junior Lokosa ya ci 19 a 2018, sai Esperance ta Tunisiya. Ba abin fushi ba ne, yaro neman abincinsa yake, kuma albashin can ba a haɗa shi da na nan. Abin tambaya shi ne, ranar da zai tafi yana da sauran kwantiragi har ƙungiya ta karɓi kuɗi, ko kuwa haka zai fice kyauta? Kuma akwai na bayansa a benci da aka riga aka fara sa wa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kano ba ta rasa yara ba. Je ka kallon Kofin Ramat na matasa, ko ka zaga filayen makarantu da la'asar daga Gwale zuwa Fagge zuwa Brigade, za ka ga abin da ya ishi ƙungiya uku. Mai idon tsinto su da mai haƙurin renon su ne ake nema.

Shi kuma gwajin da ka tambaya, wanda ake tara ɗaruruwan matasa a fili kwana uku, ni ban taɓa ganin amfaninsa sosai ba. Na riƙe ƙaramin kulob na unguwa shekaru, na yi irinsa, na sani. A minti ashirin mai yanka da gudu kaɗai ake gani. Yaron da ya iya tsayuwa inda ya dace, wanda ke tare ɓaraka tun kafin ta faru, ba wanda zai lura da shi, don aikinsa ba ya sa a tafa. Na taɓa mayar da irin wannan yaro gida, bayan shekara ya zo da wata unguwa ya hana mu motsi. Wanda ake son ɗauka, bin sa ake kaka guda ana kallo, a gida da waje, ranar da suka ci da ranar da aka ci su, a tambayi halinsa a wurin masu unguwarsu kamar yadda ake binciken aure.

In kana son misali na kusa, dubi Remo Stars ta Ikenne. Ta mutum ɗaya ce, Kunle Soname, tana da makarantar renon yara, ta bar kocinta Daniel Ogunmodede a kan aiki. Sun zo na biyu sau biyu a jere ba su rushe komai ba, a 2025 suka ɗauki kofi karo na farko. Da a wani wurin ne, zuwa na biyun farko ma ya isa a kori kowa.

Game da fata kuwa, ina da ita daidai gwargwado. Dawowar Ahmed Musa da Shehu Abdullahi a 2024 ta dawo da mutane fili, kuma naɗa Ahmed babban manaja a 2025 ya sa wanda ya ga yadda ake aiki a Mosko da Leicester a kan kujera. Amma suna ba ya tsare raga. Ƙungiyar da ta faɗi ta taso tana bukatar kaka biyu ko uku da mutane iri ɗaya kafin a fara maganar kofi, kuma wannan sai an bar koci ya ƙarasa abin da ya fara.

Akwai kuma rabonku a ciki, ku masu zama a buɗaɗɗen ɓangare. Faɗuwar 2022 ba ƙafar 'yan wasa kaɗai ta jawo ta ba. Rikicin da aka yi ranar wasa da Katsina United ya sa an zaftare maki, an ɗauke wasannin gida daga Kano. Ƙungiyar da ake ce wa Masu Gida ta koma baƙuwa a wasanta na gida, to me ya rage mata? Ko wa aka saya a wannan hutun, dutse ɗaya daga hannun ɗan kallo ya isa ya zubar da maki uku da aka sha wuya a kai. Ka faɗa wa abokan majalisarka wannan daga bakina, musamman mai yawan kumfar bakin nan da kuke zuwa tare.

In sun fara atisayen share fage ka zo ka ɗauke ni a babur ɗinka mu je, da safe kafin rana ta yi zafi. Ina so in ga golan da za su tsayar, kai kuma in nuna maka yaron da ba ya yanka amma ba a wuce shi. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar ya yi mini amfani.

Baffanka.